Shattar da Ta Kori Jamusawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara cin abinci a gidan su Ruƙayya, yarinyar da nake neman aure, a unguwar Al-Sih. Lokacin ban daɗe da fara aikin ba da magani a Madina ba, Larabcina kuwa na bakin kantar magani ne: ƙwaya ɗaya bayan abinci, Allah ya ba da lafiya.

Mahaifinta ɗan ƙasa ne, kakanninsa ne suka zo hajji daga Kano suka zauna. Ta ce mini yana son tarihin yaƙin duniya na biyu, amma ba ya son mai yawan surutu. (Rabin farko kawai kunnena ya ɗauka.) Na duƙufa karatu kamar zan shiga jarrabawa, na kuma ƙudurta da Larabci zan yi bayani, don kada a raina baƙo.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafa da nama. Yayyenta maza biyu suna gefe, Baba yana tsakiya. Ba wanda ya tambaye ni, ni na jawo zancen.

Na ce Jamusawa sun ɗauka kafin sanyi za su gama da Rasha, shi ya sa ba su tanadi kayan ɗumi ba. Ƙasar ga ta da faɗi, hanya ta zama taɓo, abinci da man fetur ba sa isowa, sojan Rasha kuma kamar ba sa ƙarewa. Baba yana gyaɗa kai. Kaina ya kumbura.

Sai na ɗaga yatsa don in rufe da babban dalili. Lokacin sanyi a Larabci "shita" ne. "Shatta" kuwa yajin barkono ne da ake ci da shinkafa. Ni dai shatta bakina ya kama, ya riƙe gam. Na shaida musu shattar Rasha ba irin tamu ba ce. Ta cinye wa sojoji yatsu, ta hana tankoki tashi, dubbai sun kwanta a cikinta ba su farka ba.

Babban yayan ya ƙware, aka miƙa masa ruwa. Ƙaramin ya fita wai zai amsa waya, wayar tana nan kan tabarma. Na ɗauka labarin ne ya taɓa su, har na rage murya.

Baba ya turo mini ɗan kwanon jan yaji, ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗana, ɗiba kaɗan. Ka ga abin da ta yi wa Jamusawa."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

An dai ba ni Ruƙayya. Baba ya ce mutumin da ya ci wannan kunyar bai gudu ba, zai iya zaman aure. Tun daga ranar, in na shiga gidan surukai Hausata nake yi, ita ma sai an tambaye ni.