Ladanin da Littafinku Ya Sa Rawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fitilar Manya, mawallafa littafin koyon Turanci, Allah ya ƙara wa alƙalaminka tawada.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Maharazu Jaji, masinja a wani ofishi a nan Kiyawa, kuma ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a yanke Jigawa daga Kano. Bara aka ce duk masinjan da bai iya Turanci ba ya kama hanyar gona, shi ya sa na shiga ajin yamma da furfurata. Mun iso babin da ke koyar da faɗin abin da mutum yake yi kullum, kuma a nan littafinka mai albarka ya yi mini aika-aika.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka ina cin nama kullum? Malama Adawiyya takan tashe mu ɗaya bayan ɗaya, mu karanta jimlolin littafinka da ƙarfi, sannan mu fassara da Hausa don ta tabbatar mun gane. Ajin kuwa tagoginsa ba murfi, ga shi a bakin hanyar rijiya. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mai ɗakina Mu'minatu ta dire mini tuwo da miyar kuka, tana son sanin gidan da ake ba ni naman.

Na biyu. Ka sa na ce ina buga ƙwallo kowace yamma. Da wace gwiwar? Wannan na yafe maka, don ba wanda ya yarda.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Ina rawa kowace Asabar, kana rawa, yana rawa, muna rawa! Ba ka tsallake kowa ba. Ashe ba a kai maka labarin shari'a ta zo jihar nan ba? Makaɗa ma sun rataye kalangu, sai ni ladan aka ga ya dace in yi shela? Ga malama da son a nuna mutum da yatsa, sai na nuna na kusa da ni na ce yana rawa, shi kuwa ƙanen liman ne. Na roƙi a bar ni in ce ba na rawa, aka ce wannan babin sai zango na biyu. Wato in yi ta rawa har bayan girbi?

Dattawa suka zauna a kaina. Na ce misali ne kawai. Liman ya ce ashe ke nan ƙarya nake zubawa a bainar jama'a. In na amsa, ɗan rawa ne ni. In na musa, maƙaryaci. Gaba kura, baya sayaki. Suka karɓe lasifika suka ba Lado mai faci, har sai an gama bincike.

Saboda haka ina roƙon girmanka ka taka da kanka zuwa Kiyawa ranar Juma'a, ka shaida wa dattawa cewa rawar taka ce. In za ka sake buga littafin kuma, ka taimaka ka sa noma, da jira, da haƙuri. Waɗannan muna yin su kullum, ni da kai da shi ba sai an tilasta mu ba.

Kada ka ce littafinka bai yi aiki ba. Jiya malama ta ce kowa ya ƙirƙiro jimlarsa ta gaskiya. Na rubuta da Turanci cewa Lado yana kiran salla kowace asuba. Ba kuskure ko ɗaya, har aji ya tafa mini. Ranka ya daɗe, tun da na yi wayo ban taɓa jin tafin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba.

Naka mai biyayya, a zaune daram ko ƙafa ba ya kaɗawa,

Maharazu Jaji,
Ladan mai jiran bincike, Kiyawa.