Rasuwar Gwaggo, injin numfashin Baba mai walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Baba mai walda ke sanar da rasuwar Gwaggo, injin iskar oksijin da ke zaune a gefen gadonsa. Ta cika ranar Talata da hantsi.

Gwaggo ta shigo gidan ne ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan an yanke masa rabin huhu saboda ciwon daji, sauran rabin kuma duk tabo. Likita ya ɗebar wa Baba wata shida. Mai shago ya ɗebar wa Gwaggo shekara biyar. Yau shekara uku ke nan, kuma Baba ne ke karɓar gaisuwa.

Marigayiyar ba ta da surutu. Maganarta ɗaya ce, "tsss-fuf, tsss-fuf," kuma ba ta taɓa canza ta ba. Ta jure ɗora mata kofin shayi, ta jure shanya mata safa. Aibinta ɗaya, kishi: tiyonta taku tara ne, ya kai banɗaki, ya kai taga, bai kai ƙofar gida ba. Shekara uku Baba bai ga titi ba sai ta labule. Tun bara likita ke cewa ya riƙa cire tiyon na ɗan lokaci yana takawa. Baba ya ce ba zai ci amanarta ba. Mama, matarsa, ta ce tsoro ne kawai.

Jinyarta gajeriya ce. Ta kunna jar fitila, ta ce "ƙiii" sau uku, shi ke nan. Mai gyara ya kara kunne a cikinta, ya cire hularsa.

Ta bar tiyo ɗaya, da kwalbar ruwa, da ƙaramar tukunyar iska ta aro da ke riƙon ƙwarya, da Baba. Abokan sana'arsa da suka turo tukunyar iskar walda a baro, an gode, nas ɗin da ke duba shi ta ce a mayar.

Za a fitar da gawar gobe da ƙarfe goma zuwa shagon mai gyara. Ban da turare, ban da sigari. Baba ya rantse zai raka ta har bakin titi, ba tiyo a hanci. Taku goma sha huɗu ne, an ƙirga. Mama za ta bi shi da kujera. Ana roƙon jama'a, in ya wuce taku na tara, kada wanda ya riƙe shi.