Motar da Aka Sa wa Hular Sanyi

"Lafiya lau, sai dai ganin fuskarka," in ji bakaniken, yana goge hannu da tsumma. Gaisuwar taubashinsa yake amsawa, ɗan gwaggonsa, direban babbar mota, wanda ya shigo garejin da kwando tamanin na tumatir. Motar na fitar da baƙin hayaƙi, ta kasa hawa tudun bayan gari, rana kuma ta fara dukan kayan.

Direban ya rantse famfon mai ne ya mutu, a canza shi yanzu. Bakaniken ya ce tun suna yara bai taɓa jin ya faɗi abu ya zama daidai ba, don haka sai ya auna. Ya ɗaura agogon awo a bututun mai, aka tayar da injin. Allura ta tsaya inda ya kamata, ko da aka taka totur ba ta faɗi ba.

"Mai na zuwa yadda ake so. Motarka irinka ce, ga ci, ba numfashi."

"Agogonka ya girmi kakarmu, me zai gani?"

"Baƙin hayaƙi, mai ne ya fi iska yawa. Yaushe rabonka da duba filtar iska?"

Nan direban ya bugi ƙirji. Ya ce watan jiya wannan bakin na bakaniken ya kunyata shi a gaban mutane, wai filtarsa ta fi ƙarƙashin gadonsa datti. Shi ya sa ya sayi sabuwa, ya kuma yi mata dabarar da ƙura ba za ta sake taɓa ta ba.

Bakaniken ya zagaya gefen motar. Ya hau taya, ya leƙa bututun da ke shaƙo iska, ya zare wata hular sanyi mai kauri da aka ɗaure da roba a bakin bututun. Filtar kuwa fes, kamar yau aka sayo ta.

"Ka toshe mata hanci, sannan ka ce ta hau tudu? Gwaggo ta yi asarar goyo."

"Ai don kada ta yi mura ne."

Aka sake tayarwa, hayaƙin ya washe. Direban ya latsa tumatirin sama, ya ji da sauran ƙarfinsu, ya haye mota. Bakaniken ya miƙo masa hular.

"Riƙe ta," in ji direban, "ladan aikinka ke nan. Kanka dama ba iskar da ke shiga, ba abin da za ta toshe."

Bakaniken ya yi dariya, ya kifa ta a ka. "Na karɓa. Tafi, kafin kayanka su zama miya a hanya."