Ƙulli Huɗu a Ƙarƙashin Sitiyari

"Lafiya ƙalau na kwana, in ban da wani ragon miji da ya tashe ni da buge-bugen ƙarfe tun rana ba ta fito ba. Ya aikin ɓarna?"

"Aikin gyara dai, Amarya," in ji Dogo daga cikin motar. Ƙafafunsa kaɗai ake gani, sun leƙo ta ƙofar direba, sauran jikin yana can ƙarƙashin sitiyari. "Ja kujerarki baya kaɗan. In injin nan ya tashi iskarsa za ta iya ɗauke ki, ni kuwa ba ni da lokacin bin ki."

"Ya tashi? Tun wata huɗu nake jin zai tashi. Kai ka fara tashi tukuna mu ga tsawon banza."

Kaka ta dasa 'yar kujerarta a bakin rumfar, inda ta saba dasa ta kullum. Motar ta marigayi mijinta ce, Malam, wanda ya yi shekara talatin yana jigilar mutane da ita. Tun da ya rasu, shekara goma sha takwas ke nan, take tsugune a rumfar gefen gida. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, ɓeraye sun haifi jikoki a kujerun baya. Sai ga wannan Dogon, ɗan 'yarta, mai gyaran janareto, ya ce shi zai tashe ta. Kowa ya yi dariya, ita Kaka har da riƙe ciki.

To, dariyar ba ta daɗe ba. Da idonta ta ga ya sauke injin ya baje shi a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya jera su bi da bi yadda ya ciro su. Ya kware kujerun, ya sa sabon soso, ya ɗinke su da hannunsa da wata ƙatuwar allura har yatsunsa suka yi kanta. Rufin ciki da ya zazzago ya mayar da shi ya ɗame, ko ƙofar da ba ta rufuwa sai da duka yanzu da ɗan yatsa ake tura ta. Wallahi yaron ya iya, hannun kakansa ne sak. Amma a ce Kaka ta faɗa masa haka da bakinta? Ai sai dai ya ji a wurin wasu.

Yau kuwa ba ranar wasa ba ce, ko da yake bakinsu bai san da haka ba. Babban ɗanta, kawun Dogo, zai gina wa 'ya'yansa ɗaki a wurin rumfar, gobe magina za su zo. Ya faɗa tun makon jiya, ba da faɗa ba: in motar ta fita da ƙafarta kafin azahar ɗin yau, shi ke nan, a kai ta gidan su Dogo. In ba ta fita ba, masu sayen tsoffin ƙarafa za su zo su yanka ta su kwashe. Kaka ba ta roƙe shi ba, don ta san da gaskiyarsa. Amma kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki.

"Buɗe kunnenki da kyau," in ji Dogo, "in akwai sauran abin da yake ji."

Ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Injin ko tari bai yi ba. Sai abin share gilashi ya miƙe, ya shiga kaiwa da komowa a kan busasshen gilashi, ƙiii, ƙiii.

"Sannu da aiki!" Kaka ta tafa hannu. "Ka ga tana ɗaga maka hannu, tana cewa sai wata rana."

"Gaisuwa ce take yi miki, ta gane sa'arta."

Ya kashe, ya ja makunnin fitila. Ham ɗin motar ya kwarma wani ihu, har kajin maƙwabta suka watse.

"Innalillahi! Ka kunna fitila ta yi kuka? To in ka danna ham ɗin me za ta yi, ta haihu?"

"Ke dai ba ki san komai a mota ba sai zama a gaba da cin gyaɗa."

"Ni na ci gyaɗa a cikinta tana gudu. Kai fa? Ka saba da janareto, a ja igiya ya yi ta ɓarara kamar mai shi. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

Dogo ya zamo daga ƙarƙashin sitiyarin ya zauna a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Bai rama ba. Wannan shirun ne ya sa gaban Kaka ya faɗi, don tun da ya iya magana bai taɓa barin ta da ta ƙarshe ba.

"Mene ne?" ta tambaya.

"Injin lafiyarsa ƙalau, na rantse. Jiya na ba shi wuta kai tsaye daga batir ya amsa. Wayoyin da ke zuwa wurin makulli ne suka rikice mini. Guda biyar ne. A kowace mota kowace waya da launinta, wannan kuwa duk jajaye ne, kamar an haife su rana ɗaya. Ina ta gwaji, na ƙone fis ɗin wuta biyu, saura ɗaya tak, irinsa kuma sai an yi yini ana nema. Ban san wane mahaukacin bakanike ne ya yi wannan aikin ba."

"Kakanka ne."

"Allah ya jiƙansa," in ji Dogo da sauri. "Amma ya bar mini aiki."

"Ai ba ka da matsala. Ƙirga ƙullin kawai."

"Wane ƙulli?"

"Ƙullin da ke jikin wayoyin mana."

"Au, waɗannan? Ai duk a ƙuƙƙulle na same su kamar kitson da ya shekara a kanki. Jiya na zauna na warware su tas, na miƙar da su da filaya. Ki leƙa ki ga yadda suka yi kyau."

Kaka ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni! Garin neman gira an rasa ido! Wa ya aike ka? Kai da ko igiyar takalminka ba ka iya kwancewa sai da ka shekara tara, yau kai ne gwanin warware ƙulli?"

"To me ƙulli yake yi a jikin waya in ba ƙazanta ba?"

"Ƙazantar ce ta ciyar da uwarka. Zauna ka ji, tunda rashin sani ya fi dare duhu."

Ta gyara zama. Wata shekara, in ji ta, wayoyin motar suka kama da wuta a hanya. Malam ya samo naɗin waya guda, ja, ita kaɗai ya samu, ya ce da ita za a yi. Hannunsa ba ya shiga ƙarƙashin sitiyari don girma, sai ita ta shiga, shi yana can wajen injin yana jan kowace waya yana faɗin aikinta. Don kada su rikice, ta riƙa ƙulla su.

"Ƙulli ɗaya na kawunka ne, ɗan fari. Shi ne ham, don tun yana zanin goyo unguwa ba ta barci saboda bakinsa."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "Har yau ma."

"Rufe mini baki, ɗana ne. Ƙulli biyu na uwarka ne, fitila, saboda idanun nan nata. Ƙulli uku na autata, abin share gilashi, don kullum cikin share mata hawaye da majina muke. Wadda ba ƙulli ita ce Malam, ita ke kawo wuta daga batir. Ya ce shi ba a ɗaure shi."

"Ta injin fa?"

Kaka ta ɗan kau da kai. "Huɗu. Tawa ce. Ya ce in ban tashi ba babu abin da ke tashi a gidan."

"Lallai Malam ya iya zance. Ni da na gaje ki ban ga abin da kike tayarwa ba sai hankali."

"Matsa ka ba ni wuri."

"Ina za ki?"

"Inda na shiga kafin a haifi uwar da ta haife ka."

"Amarya, rufa mini asiri. In kika shiga nan sai an kira masu yankan ƙarfen sun fito da ke."

"Su yanka mu tare. Riƙe ni, ragon banza."

Ya riƙe ta kamar ƙwai. Ta kwanta a kan kujerar da ya ɗinka, gwiwoyi suna ƙara, ta tura kai da hannu ƙarƙashin sitiyari. Idonta ba ya ganin komai a wurin, don haka ta rufe shi ma gaba ɗaya. Waya kuwa, in ta shekara arba'in a ƙulle, ko an miƙar da ita sai ta bar ɗan lanƙwasa a inda ƙullin ya zauna. Ta bi ta farko da babban yatsa, a hankali, daga sama har ƙasa.

"Wannan sumul take. Malam ke nan. Riƙe."

Dogo ya naɗa wa wayar ƙyalle don shaida.

"Wannan ɗaya. Kawunka, mai baki. Wannan kuma biyu, uwarka."

"A gaishe ki, babbar bakanike."

"Ka bari sai na gama ka yi mini kirari."

Saura biyu. Ta bi ɗaya, ta bi ɗayar, ta sake komawa. A nan Dogo ya fi danna filaya, ya murje su sosai. Wannan kamar uku, kamar huɗu. Waccan ma haka. Zufa ta karyo mata. Daga bakin titi ta ji ana sauke bulo, inuwar rumfar kuma ta fara tsukewa. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka kwantar da Malam a asibiti.

"Ki canka kawai," in ji Dogo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da fis ɗaya? Canka ce ta kawo mu nan."

Ta ƙara bin wayar hagu har can ƙarshe, inda hannun Dogo bai kai ba. Sai yatsanta ya faɗa cikin wasu 'yan ramuka biyu a jikin robar, da ɗan tsakani. Ta tsaya cik. Sannan ta fashe da dariya a ƙarƙashin sitiyari, har kujerar na girgiza.

"Lafiya? Ko wuta ce ta ja ki?"

"Ga ni nan! Ranar da na zo ƙulli na huɗu yatsuna sun gaji, sai na ja shi da haƙori. Taɓa ka ji. Har wushiryata ta fito."

Dogo ya taɓa. "To wa zai tabbatar? Haƙoran da za a gwada da su sun riga mu gidan gaskiya."

"Haɗa, ɗan nema! Da tsohuwar zuma ake magani."

Ya fito da ita, ya zagaya da ita kujerar gefen direba, ya zaunar. Ya koma ya haɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunansu: "Malam. Kawu. Inna. Auta." Da ya zo ta ƙarshe ya ɗaure ta da kyau, ya ce, "Fitina." Kaka ta kai masa duka a ƙeya.

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya taka totur, ya sake murɗawa. Motar ta girgiza tun daga hanci har wutsiya, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta yi kamar za ta mutu, sai kuma ta kama. Ƙarar ta daidaita, ta koma wani gurnani mai kauri da ɗan kaɗawa a ƙarshensa, irin wanda babu wata mota a duniya da ke yin sa sai ita.

Dogo ya buga sitiyari yana ihu. Kawu ya fito ƙofar gida da wayar salula a hannu zai kira masu sayen ƙarafa, ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da wayar aljihu ya je da kansa ya buɗe wa motar ƙyauren fita.

Kaka kuwa ta kasa kunne. Ta dafa ƙofar motar tana jin girgizar na shiga hannunta. Da wannan ƙarar take sanin Malam ya shawo kwana, tun kafin yara su ji, ta tashi ta ɗora ruwa. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

"Amarya," in ji Dogo, "in kunna miki abin share gilashi?"

"Hayaƙinka ne ya shiga mini ido, mugun bakanike."

"Na ji. Ni dai na sallama. Wata huɗu ina fama, kin zo da yatsa ɗaya da haƙoran da babu kin gama da ni. Gaba da gabanta."

"Yo da ka ɗauka wasa ne?" Ta ja hanci, ta shafa ɗinkin kujerar, ta sake shafawa. "Ɗinkin nan dai... ba laifi. Injin ma ba laifi. Kakanka da ya gani da ya ce kai ne ɗansa, sauran duk haya aka ba shi."

Dogo ya saki baki yana kallonta.

"Rufe, kar ƙuda ya shiga. Motar taka ce, na ba ka duniya da lahira. Amma kujerar nan tawa ce har in mutu. Wadda tsautsayi ya sa ta aure ka ta zauna a baya."

"Na yarda," ya ce yana dariya, ya kai hannu zai kashe injin don ya kwashe kayan aikin da ke gaban taya.

Ta riƙe masa hannu gam.

"Bar ta tukuna," in ji Kaka, tana dariya tana kuka. "Shekara goma sha takwas ban ji mutumin nan ya dawo gida ba. Bari ya gama shigowa."