Nazifi Mai Albasa, Ba Albasa

Ranar Laraba ce, da wani zafi na ƙarshen bazara mai narka kwalta, aka yi min sallama a ƙauyenmu da ke kusa da Madawa. Wai Mai Girma zai zo buɗe sabon magazan na ajiye albasa, kuma kunya ce babban baƙo ya tarar da ɗaki wayam. A ara musu buhunana shida, a ɗauki hoto, da la'asar in kwashe abina.

Buhunan nan su ne babur ɗina. Ɓoye su na yi sai damina, albasa ta yi tsada, in sayar in shiga kabu-kabu. Amma wa ke ce wa manya a'a?

Neman na kunu ya hana ni zaman lakwal, wato makaranta, don haka da nake son sanin inda wannan "mai" na gaban suna, irin na "mai albasa" da ake kira na, ya samo asali, maƙwabciyata Inna Furera mai ƙosai na tambaya.

Ta ce, "Mi ag ga wahala, ɗan nan? Tun kakanni, abin da aka gani hannunka kasuwa da shi aka kiran ka. Mai nono, ga ƙwarya. Mai shayi, ga buta. Ba ka da abin, ba ka da sunan."

Na ce, "To Mai Girma fa, Inna?"

"Shi nashi cikin mota yake barin shi. Tahi ka ba ni wuri, mai na ƙonewa."

Ranka ya daɗe ya iso, ya yanke ƙyalle, ya shafa buhuna kamar ya san su tun suna iri, har ya yaba wa ƙoƙarin gwamnati. Mun tafa da gaske. Sai wani mai kwat ya datse ƙofa, ya jefa makulli aljihu, ya bi ayari zuwa birnin Tawa.

Allah ya saka wa maginin da alheri: kwanon rufin yana tara zafi da rana, ruwan farko kuma bai bar ko ɗigo ya ɓata a waje ba. Na yi ta sintiri ofis. Mai makulli ya tafi taro. Mai sa hannu ya tafi biki. Ranar da aka buɗe, wari ne ya fara fitowa ya gaishe mu.

Yanzu in an kira "Nazifi mai albasa", Inna Furera kan leƙo ta ce, "Wace?"

Abin da ya salwanta: buhu shida, igiya biyu, babur ɗaya da ban taɓa hawa ba, da rabin sunana. Hoton dai, an ce, ya yi kyau.