Yadda Na Zama Mushe Guro

Ko na manta da komai a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka tura ni wani ƙauye a karkarar Sarkin Hausa in riƙe lakwal, wato makarantar boko, ba. Riƙon ƙwarya aka ba ni, aka ce sai ensifekter, mai duba makarantu, ya zo daga Mayahi ya ga kamun ludayina kafin a tabbatar da ni direkter. Ni kuwa ɗan Tasawa ne, ɗan mai shago, ban taɓa riƙe hauya ba sai in zan miƙa wa wani. Amma ina da faransanci, kuma a lokacin gani nake duk wanda ya iya faransanci ya gama sanin duniya.

Bayan azuzuwa akwai wani ɗan fili kusa da famfo, inda matan da ke dafa wa yara abincin rana suke shuka kayan miya. Shugabarsu ita ce Inna Hajo, wata tsohuwa mai ɗan ƙaramin jiki wadda ba ta ɗaga murya. Sun kwashe na damina ke nan suna shirin na rani, sai ga ni da nawa shirin. Wani abokina da ke karatu a Faransa ya aiko mini da ɗan ƙunshin irin fure, sunansa rose trémière. A jikin takardar an yi hoton wani dogon kara, furanni ja da ruwan hoda sun jeru a jikinsa tun daga ƙugu har ƙoli. An rubuta cewa tsawonsa yana kai metir biyu, har biyu da rabi. A ƙasa kuma ga wata kalma, bisannuelle. Kallo ɗaya na yi mata na ce ai wannan a fili take: bis biyu, annuelle shekara, wato sau biyu yake fure a shekara. (Ƙamus yana kan teburina, ko taku uku babu tsakanina da shi. Ban buɗe ba.)

Na tara iyayen yara na ce a ba ni filin nan. Na yi musu alkawari da bakina cewa nan da wata biyu, kafin ensifekter ya zo, za su ga katangar fure da ta fi kowane namiji a garin tsawo. Inna Hajo ta juya takardar a hannunta, ta ce, "To Mushe, ana cin shi?" (Mushe, wato Monsieur, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.)

Na ce, "Ba a ci, Inna. Kallo ake."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu ba shi ruwa, shi kau ya ba mu kallo."

Na shuka, na yi ta ban ruwa safe da yamma. Bayan 'yan kwanaki sai tsiro iri biyu ya fito. Ɗaya mai ganye zagayayye, ya kwanta a ƙasa ya baje kamar faifai, mako uku bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba. Ɗayan kuwa miƙewa kawai yake, kullum na zo sai na ga ya ƙaru. Ai ba sai an yi dogon tunani ba. Abin da zai kai metir biyu da rabi ba shi da lokacin kwanciya. Na naɗe hannun riga na bi guntayen nan ina tumɓukewa, ina jin kaina cikakken manomi.

Inna Hajo ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mushe, wanga da kake cirewa ba mu san shi ba garin ga hwa. Wancan dogon kau..."

Na katse ta, na ce, "Inna, na karanta takardar."

Ta sunkuya ta tsince waɗanda na yar ta zuba a ƙwaryarta, ni kuma na ɗauka akuyarta za ta kai wa.

Daga nan fa abin ya shiga kaina. Kowace safiya sai na fito da doguwar sandar awo ta aji in auna, in rubuta a gefen allo: yau ya kai gwiwa, yau ya wuce ƙugu. Har darasi na yi wa 'yan babban aji a gindinsa, ina sa su maimaita rose trémière sau uku-uku. Duk suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Na ce a raina yaran ƙauye akwai ladabi.

Da ya fara fure sai na ga ruwan ɗorawa ne mai duhu a tsakiya, ba ja ba. Wannan ma bai dame ni ba, na ce wa kowa irin gauraye ne. Abin da ya dame ni shi ne, in furen ya faɗi wani ɗan tsinin abu kore yakan fito a gurbinsa, kwana biyu sai in nema in rasa. Na ɗora wa awakin gari laifi, na sa aka kewaye wurin da ƙaya. A daidai wannan lokaci kuma miyar rana ta canza, ta yi yauƙi mai daɗi. Wata rana ina suɗe hannu na ce, "Inna, ina kike samun ɗanyen guro yanzu?" (Guro shi ne kuɓewa, ga wanda ba ɗan wajenmu ba.)

Ta ce, "Allah ke badawa, Mushe."

Ranar da ensifekter ya zo, na sa kwat ɗina duk da zafin rana. Dattijo ne mai furfura, ba ya son dogon zance. Ya duba azuzuwa da littattafai, ni kuwa Allah-Allah nake mu je bayan aji. Iyaye sun taru, yara sun jeru, shukata ta kai mini kafaɗa. Na gyara murya na yi jawabi a kan furen Turai da ya karɓi ƙasar Mayahi, na faɗi tsawon da zai kai, na ce sau biyu zai riƙa yi mana fure kowace shekara.

Ensifekter ya matso. Ya tsallake ƙayar, ya ɗaga wani ganye, ya karyo ɗan tsinin abin nan ya jefa a baki. Ƙarar taunarsa kaɗai ake ji a wurin.

Ya ce, "Monsieur le directeur, c'est du gombo." Sai ya juya ga Inna Hajo, don kada wani ya rasa fassara. "Ko ba haka ba, Inna?"

Ta ce, "Guro ne, ranka shi daɗe. Namu ne na damina da ya zube, Mushe ya ba shi ruwa ya tashi. Wata guda ke nan muna miya da shi. Shi ma shina ci."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da kwat ɗina zan shige. Dariyar da mutanen garin suka yi wata biyu suna haɗiyewa ta fashe gaba ɗaya, wani tsoho har da zama a ƙasa. Ban gama shan wannan ba ensifekter ya nemi takardar irin. Ya karanta, ya sa yatsa a kan kalmar nan, ya tambaye ni ma'anarta. Na faɗa da ƙaramar murya. Ya ce a'a, shekara biyu take nufi: shekarar farko ganye kawai shukar take yi, tana kwance a ƙasa tana kafa saiwa, sai a ta biyu take miƙewa ta yi fure. Sannan ya ce, "Ina masu kwanciyar?"

Na ce na cire su.

Na kwana biyu ina jiran takardar mayar da ni Tasawa. Da rahoton ya zo, sai na ga an tabbatar da ni, har an yaba wa direkter saboda lambun da ke taimaka wa tukunyar yara. Wato kujerar da nake taƙama da ita, guron da ban shuka ba ne ya ba ni. Na mayar wa matan filinsu ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Sunan Mushe Guro kuwa ya bi ni, har matata takan kira ni da shi in na fara cika baki.

Shekara ta zagayo har da ɗoriya, wata rana Inna Hajo ta aiko in zo gidanta. A bayan ɗakinta, a inuwa, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, ashe ta dasa uku daga cikin guntayen da na yar. Biyu zafin bazara ya kashe su. Ɗaya ya rayu, ya miƙe ya wuce dangarta, ya wuce ni har da hulata, jajayen furanni jere kamar yadda suke a hoto. Na tsaya na saki baki, kunya da murna suka haɗu mini.

Ta ce, "Ga baƙonka nan, Mushe. Ka ce kallo ake, to kalla. Amma shekara guda da rabi ina ba shi ruwa, ko miya ɗaya bai yi mini ba."

Tun daga ranar, ko kalmar da na sani ce sai na buɗe ƙamus. In kuma tsohuwa ta ce mini "wancan dogon kau...", shiru nake yi har ta kai ƙarshen zancenta.