Ranar da Kwatar Layinmu Ta Yi Jini

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na sa liman ya yanke addu'a a tsakiya ba, ni da ko sallama sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito.

Lokacin ina jami'a a nan Yamai, ina karatun yadda ake tafiyar da ruwa a birane. Ina cikin ɗaliban nan masu zama a layin gaba, ba don su yi magana ba, sai don kada wata kalma ta kuɓuce musu. A unguwar Talladje, samarin fadar layinmu, majalisarsu ta hira, suna kirana Mushe, wato malamin makaranta, don kullum da littafi a hammata nake wuce su suna shan shayi, in ɗaga musu hannu daga nesa. (Ɗaga hannu ya fi mini sauƙi a kan buɗe baki. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.)

Layinmu gangare ne. Gidanmu yana sama, gidan Alhaji Isuhu yana ƙasa da mu, katanga ɗaya ta raba. A gaban gidajen akwai kwata rufe da manyan murafan siminti, ta bi gefen hanya har ta faɗa babbar magudanar da ke bakin kwalta, ita kuma ta nufi kogi. Kowane gida yana da ɗan bututun da ke fitar da ruwan tsakar gida zuwa cikinta. A littafi abin a tsare yake: ruwan sama ya bi kwata, ruwan ban-ɗaki ya shiga rami, in ramin ya cika a kira motar da ke zuƙewa. Ba a gama su wuri ɗaya. A layinmu kuwa kowa ya jona abin da ya ga dama, kuma da hadari ya haɗu za ka ga ana rige-rigen juye shara a ramukan murafan, wai ruwa ya tafi da ita.

Babana tela ne a kasuwar Wadata, kuma shi da Alhaji Isuhu aminai ne tun kafin a haife ni. Tare suke zuwa masallaci, kuma Alhaji ne ke rage masa hanya zuwa kasuwa kowace safiya. Sai wata damina tsakar gidan Alhaji ya fara cika da ruwa, ba daga sama ba, daga ƙasa. Baƙin ruwa mai wari ya dinga ɓulɓulowa ta bututun da ya kamata ya fitar da shi. Alhaji ya ce tun da Baba ya jona ruwan wurin wankanmu da kwata abin ya fara. Baba ya ce, "Ruwana kogi yake zuwa, ba gidan kowa ba. Wa ya ce ya gina gida cikin kwari?"

Magana ta yi ta yawo a bakin mata har ta yi kaifi. Baba ya koma shiga taksi. Hajiya Rabi, matar Alhaji, ta daina aiko mana da kwanon abinci ran Juma'a. Daga baya muka ji Alhaji zai kai ƙara wurin mai unguwa. Wanda ya san dattawanmu ya san in aka kai nan, zumunci ya mutu, sai dai gaisuwar jana'iza.

A nan ne na ga ranar karatuna ta zo. Na ɗauki igiya da siririn tiyo mai ruwa a ciki, na auna gangaren layin daga ƙofarmu har kwalta, na sake aunawa don kada a samu kuskure. Lissafi ya fito fes: ruwanmu ba shi da dalilin tsayawa a ƙofar Alhaji, wucewa yake. Baba ne mai gaskiya. Abin da ya rage shi ne hujjar da ido zai gani, kuma an koya mana ita a aji: ka zuba launi a sama, ka je ƙasa ka jira inda zai ɓullo.

Launin da masana ke amfani da shi ban san inda ake samunsa ba, sai na tafi wurin masu sayar da kayan rini a Wadata na ce a ba ni jan galura.

"Shadda za ka rina ko yadi?" in ji mai kayan.

"Ruwa," na ce.

Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hammatata, kamar ya gano inda cutar ta samo asali. Ya ce cokali guda ma ya isa ya rina baho. Ni kuwa mai son aiki ya fita da kyau, na ce ya ƙulla mini leda guda.

Za ku ce, to ka gaya wa mutanen gidajen? Na yi niyya, wallahi. Na tsara jawabin, na je har ƙofar Alhaji, na jiyo muryar Hajiya Rabi tana yi wa wani faɗa a ciki, sai na ga ƙafafuna sun juyo da ni gida. Baba kuma na san abin da zai ce: "Kai ma ka shiga maganar manya?" Sai na yanke shawara mai kyau ƙwarai (a ganina): zan ɗauki bidiyon jan ruwa yana fita a bakin kwalta, in nuna musu, waya ta yi magana a madadina.

Ran wata Asabar aka yi ruwa da asuba, ya ɗauke da hantsi. Na ce yau ce ranar. Na juye galurar duka a bahon wanki, na motsa da kara, sai ta yi gudaji. Ni kuma ba na barin aiki da gudaji. Na nannaɗe hannun riga na sa hannuwa biyu na dama ta kamar mai dama fura, har ta yi sumul. Na tuttula a bakin bututunmu, na bi ta da ruwa bokiti bayan bokiti. Da na zo wanke hannu, sabulu ya yi kumfa ja, hannu bai canza ba. Har wuyan hannu jajir. Na ce ba komai, kimiyya tana da tsada. Na cusa su a aljihu na ruga bakin kwalta.

Na tsuguna a bakin babbar magudana, waya a saite. Na jira. Wani siririn baƙin ruwa yana ɗiga, sai silifa ɗaya da ta maƙale a gefe. Na ƙara jira. Rana ta fara cizo. Ina cikin sake lissafin saurin ruwa a kaina sai na ga mutane suna gudu suna shiga layinmu, wata mata tana salati, tana gaya wa ta bayanta, "Jini! Jini ke fitowa daga ƙasa gidan Alhaji Isuhu!"

Na miƙe na bi su da gudu.

Na isa na tarar gidan ya cika. Tsakar gidan Alhaji kaf ya zama jan tafki, kuma a kusurwa, a bakin bututu, ruwan yana ta ɓulɓulowa kamar an yanka sa a ƙarƙashin ƙasa. Kaji sun hau kan turmi. Hajiya Rabi tana tsaye a kan dakali, zani a tattare, tana magana da jama'a amma idonta na kan katangarmu.

"Mu dai ba mu da abokin faɗa a layin nan sai ɗaya. In ruwa bai kore mu ba, ai sai a bi ta ƙasa."

Baba yana tsaye a bakin zaure, ya fito ko hula bai sa ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Hajiya, ni kike nufi? Ni zan yi wa Isuhu asiri? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, wanga abu ba daga gidana ya fito ba!"

Alhaji ya kau da kai, kuma hakan ya fi maganar matarsa ciwo.

Na fara ja da baya a hankali, ina neman ƙofa. Sai Baba ya hango ni.

"Yawwa! Zo nan. Ba kai ke karatun ruwa ba? Zo ka tsaya kusa da ni."

Haka na ratsa jama'a na tsaya a sahun gaba, hannuwa cikin aljihu har gwiwar hannu, kamar mai jin sanyi a tsakiyar damina.

An riga an kira limamin masallacin layinmu, dattijo mai sanyin murya. Ya duƙa ya dubi ruwan, ya ce kada kowa ya taɓa, kada kuma kowa ya zargi kowa, zato zunubi ne. Ya ce, "Abin da ya ɓoyu gare mu bai ɓoyu ga Allah ba. Jama'a, a ɗaga hannu mu roƙe shi."

Tafukan hannu suka tashi ko'ina. Liman ya fara. Ni na sunkuyar da kai, ina amin da ƙarfi fiye da kowa, ko ƙarfin amin zai rufe rashin hannu. Sai na ji gwiwar hannun Baba a haƙarƙarina.

"Fidda hannunka daga aljihu. Ba ka ji addu'a ake ba?"

"Baba…"

"Fiddo su, na ce!"

Liman yana cewa, "Ya Allah, wanda ya aikata wannan, ka bayyana mana shi, ka shirye shi," daidai lokacin na zaro su. Na ɗaga.

Amin ɗin da ta biyo baya rabi ce. Ta fara mutuwa daga kusa da ni, ta bi sahu har bakin ƙofa. Liman ya ji shiru ya buɗe ido. Ya dubi hannuna, ya dubi ruwan, ya sake duban hannuna. Launi ɗaya, ba ragi.

Daga baya can, Lawali, shugaban fadar samarinmu, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan addu'a taka ko shafawa ba a yi ba ta ci."

Wani ya ƙara, "Mushe, yaushe aka sa ka a lalle ba a gayyace mu ba?"

Dariya ta so ta ɓarke, amma fuskar Baba ta hana. Mutumin da ya rantse yanzun nan ne, ga ɗansa a gefensa da shaida har wuyan hannu. A hankali ya ce, "Mi ka yi?"

Jawabin da na kasa yi wa mutum ɗaya a bakin ƙofa, shi na yi wa layi guda, hannuwa a sama kamar wanda aka kama. Na ce galura ce, ta masu rini. Na ce ni na zuba a bututunmu, don in nuna ruwanmu ba ya shiga gidan Alhaji.

"To ga shi bai shigo ba," in ji Hajiya Rabi, tana nuna tafkin. "Sannu, Injiniya."

A nan, ina cikin kunyar da ban taɓa ji ba, kaina ya yi abin da ya saba: ya koma aji. Na ce, "Hajiya, na yi awo, gangaren daidai yake. Na tsaya a bakin kwalta tun ɗazu, ko ɗigon ja bai fito ba. Ruwa ba ya komowa baya sai an tare masa gaba. Kwatar a toshe take, ƙasa da ƙofarku kaɗan. Ta cika, ta rasa hanya, kuma bututunku ne mafi ƙasa a layin nan. Ba ruwanmu kaɗai ke shigo muku ba, na duk gidajen sama ne."

Alhaji Isuhu ya yi magana karon farko. "Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba Alhaji. A ɗaga murfi na biyu daga ƙofarka."

(Gaskiya murfi na biyun nan cinta na yi. Amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi.)

Samarin fada suka kawo ƙarfe suka ɗaga. Na biyu babu komai sai jan ruwa a tsaye cik. Lawali ya dube ni. Na ce a ɗaga na gaba. A nan muka same ta: katangar yashi da ledoji, cushe tam har sama. Aka sa shebur. Ledojin ruwan sanyi suka yi ta fitowa, irin wanda Hajiya Rabi ke sayarwa daga firjinta. Sai tsohuwar tabarma, sai murfin tukunya, sai wani ƙaton ƙunshin ƙyallayen atamfa, irin wanda ba ya fitowa sai daga gidan tela. Kowa ya gane kayansa, ba wanda ya ce nawa ne. Da aka huda tsakiya, kwatar ta yi wani gurnani, jan ruwan ya zarce ƙasa da gudu, tsakar gidan Alhaji ya fara tsotsewa a gaban idonmu.

Alhaji ya ɗaga wani ƙyalle da bakin sandarsa, ya juya wajen Baba. "Wannan ba ragowar rigar sallata ba ce?"

Baba ya ce, "Ledar da ta naɗe shi fa, ta gidan wa ce?"

Ba su yi dariya ba a lokacin. Amma ran Litinin na ji hon ɗin motar Alhaji a ƙofarmu, Baba ya ɗauki hularsa ya fita kamar ba a taɓa yin komai ba. Maganar mai unguwa ba ta sake tashi ba.

Ni kuwa na biya. Baba ya yi azumin kaffarar rantsuwarsa, kuma duk ranar da ya kai azumin sai ya tuna mini da ido. Na wuni ina goge simintin Hajiya Rabi da buroshi, tana zaune a kujera tana nuna mini inda na tsallake. Hannuna ya yi makonni kafin ya koma nawa, na yi ta zuwa aji da shi, kuma har yau in na wuce fada ba a ce Mushe, sai dai "Amarya, a sauka lafiya."

Abin da na koya bai cikin manhajar jami'a. Ruwa da magana halinsu ɗaya: in ka toshe musu hanyar da ta dace, za su ɓullo a tsakar gidan mutane, a gaban liman. Yanzu kafin in zuba ko shuɗin bula a kwata, sai na bi gida-gida na yi sallama da babbar murya. Kuma ina damawa da kara, ko da gudaji.